FILIN MATA: Malamar Da Ta Shekara 38 A Makaranta Guda

  

Makon nan labarin wata Ba'amurkiya zan ba ku, sunanta Pat Summitt. Aikinta koya wa 'yan mata wasan ƙwallon kwando ne a Jami'ar Tennessee, cikin garin Knoxville, a ƙasar Amurka. Ta kama aikin nan a 1974, ba ta ajiye shi ba sai 2012, watau shekara 38 ke nan cur, a makaranta guda. Na san wata cikinku za ta ce, "Yau kuma Malama labarin wasa ta kawo mana? Ina ruwan matar aure da ƙwallo?" To, ku ɗan yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe. Abin da ya sa na ɗauko labarinta shi ne, cikin shekarun nan duka, babu yarinya ko guda da ta cika shekarunta na wasa a hannunta ta fita ba ta da digiri. Wannan kuwa magana ce da ta shafi kowace uwa da kowace malama.

Kafin mu yi nisa, bari in bayyana wasan saboda waɗanda ba su taɓa gani ba. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 5 a fili. Da hannu ake yinsa, ba da ƙafa ba. A kowane ƙarshen fili akwai zobe na ƙarfe mai raga, an kafa shi sama, ƙafa 10 daga ƙasa. Wadda ta jefa ƙwallo ya faɗa cikin zoben, ta samo wa ƙungiyarta maki 2, in kuwa daga nesa ta jefo, maki 3. A jami'o'i minti 40 ake yi ana wannan guje-guje. Wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith shi ya ƙago wasan a 1891, kuma kwandunan zuba 'ya'yan itace na sosai ya rataya da farko, asalin sunan ke nan. Shekara guda bayan haka 'yan mata suka fara yinsa a makarantunsu.

An haifi Pat a 1952, a jihar Tennessee. Sunan gidansu Head, shi Summitt sunan mijinta ne. 'Yar manoma ce. Mahaifinta, Richard Head, yana da shanun tatsa, yana kuma noman taba. Tana da yayye maza 3 da ƙanwa guda, uban kuwa bai bambanta ta da mazan wajen aiki ba. Da asuba a tatsi shanu, a tafi makaranta, a komo a shiga gona. Mutum ne mai tsanani, marar yawan magana, yabo bai cika fitowa daga bakinsa ba. A gidansa ba a fashin makaranta, har an ce tun daga ajin farko zuwa sa'ad da ta gama sakandare ba ta taɓa fashi ko na kwana guda ba. In an gama aiki da dare, sai ita da yayyenta su hau saman rumbun da ake ajiye ciyawar shanu, inda aka kafa musu zobe, su yi ta karawa biyu-biyu. Yayyen ba sa raga mata don tana mace, ita ma ba ta neman a raga mata.

Da ta isa shiga sakandare, sai aka tarar makarantar yankinsu ba ta da ƙungiyar 'yan mata. Uban nan da ba ya yabo, sai ya kwashi iyalinsa ya ƙaura zuwa wani ƙauye mai suna Henrietta, cikin gundumar maƙwabta, domin kawai 'yarsa ta sami makarantar da za ta yi wasa. Ku lura da wannan, iyaye. Bai iya daɗin baki ba, amma ya tashi gida sukutum saboda 'ya mace.

A zamanin nan 'yan matan sakandare na jihar Tennessee ba a barinsu su yi wasan yadda maza ke yi. Mutum 6 ake sa wa kowace ƙungiya, 3 su tsaya a rabin fili suna tsaro, 3 a ɗaya rabin suna jifa, ba mai ƙetare layin tsakiya. Dalili kuwa wai mace ba ta da ƙarfin da za ta yi gudu daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Abin dariya, ga yarinyar da ta tashi tana ɗaukar dammunan ciyawa! Daga baya, a 1976, wata ɗaliba ta kai ƙara kotu a kan wannan ƙa'ida, Pat ta je ta ba da shaida a bayanta, kuma a 1979 jihar ta soke ƙa'idar.

Da ta gama sakandare ta shiga jami'a a garin Martin. Yayyenta maza an ɗauke musu kuɗin makaranta saboda iya wasa, ita kuwa iyayenta suka biya daga aljihunsu, gama a lokacin ba a yi wa mata wannan gata. Sai a 1972 gwamnatin Amurka ta kafa dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗinta su bambanta namiji da mace. Dokar nan ce ta buɗe wa 'yan mata ƙofa, amma sannu a hankali ta yi aiki. A shekararta ta ƙarshe a jami'a jijiyar gwiwarta ta tsinke wajen wasa, mutane suka ce ita da ƙwallo sai kallo. Mahaifinta ya ce wa likita ya gyara gwiwar da kyau, domin 'yarsa za ta je wasannin Olamfik. Haka kuwa aka yi. A 1976, a birnin Montreal na ƙasar Kanada, karo na farko da aka sa ƙwallon kwando na mata cikin wasannin, tana ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyar Amurka biyu, suka komo da lambar azurfa.

To, yanzu mu komo kan aikin koyarwa. A 1974, tana da shekara 22, Jami'ar Tennessee ta kira ta don ta zama mataimakiya, ta kuma ci gaba da karatunta na digiri na biyu. Kafin ta fara, sai babbar malamar ta bar aikin, aka ce Pat ta riƙe ƙungiyar ita kaɗai. Waɗansu cikin 'yan wasanta da shekara guda tak ta girme su. Albashinta dala 250 a wata. Ita ke wanke rigunan wasa, rigunan ma da kuɗin cinikin wani irin fanke aka saye su. Ita ke tuƙa motar da ke kai su garuruwa. Akwai ranar da suka je wasa wani gari ba su da kuɗin masauki, suka shimfiɗa a ɗakin wasan abokan karawarsu suka kwana.

Wasanta na farko aka cinye su da maki guda, 84 da 83. Ta buga wa mahaifinta waya tana neman lallashi, shi kuwa abin da ya gaya mata kawai shi ne, ba a kai jaki fagen sukuwa. Nufinsa ta tashi ta nemo yara masu baiwa. Ranar da ta fara cin wasa, cikin Janairu 1975, mutum 53 ne suka zo kallo.

Abin da nake so 'yan makaranta su riƙe a nan shi ne tsawon jiran da ta yi. Shekara 13 tana wannan aiki kafin ƙungiyarta ta ci kofin ƙasa. Sau 3 suna kaiwa wasan ƙarshe, a 1980 da 1981 da 1984, sau 3 ana cinye su. A 1984 ɗin nan ta jagoranci ƙungiyar matan Amurka suka ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na Los Angeles, amma duk da haka masu surutu suna cewa ta iya kai yara bakin ƙofa, ba ta iya shigar da su ba. Wata da ta yi fushi ta nemi wani aiki. Ita sai ta zauna. A 1987 suka ci Louisiana Tech, 67 da 44, kofin ya zo Knoxville. Daga nan kuma sai 1989, da 1991, da 1996, da 1997, da 1998, da 2007, da 2008, kofi 8 ke nan. A 1997 an cinye su sau 10 cikin shekara, kowa ya fid da rai, amma suka ɗauki kofin. A shekarar da ta biyo suka yi wasa 39, suka cinye 39 ɗin duka. Gaskiyar mutanen da, mai haƙuri yakan dafa dutse.

Jimla, ta ci wasa 1,098, an ci ta 208. Cikin shekara 38 ba a taɓa samun shekarar da faɗuwarta ta fi cinta yawa ba. Sa'ad da ta ajiye aiki babu mai koyarwa a manyan jami'o'in Amurka, namiji ko mace, da ya kai ta yawan ci, ko da yake daga baya waɗansu sun wuce ta, kamar su Tara VanDerveer da Geno Auriemma. Wasan da mutum 53 suka kalla da farko, a 2006 mutum fiye da 24,000 suka cika ɗakin don su ga karawarsu da Jami'ar Connecticut. A shekarar nan kuma albashinta ya haura dala miliyan 1 a shekara.

Amma kofi ƙarfe ne, yakan yi ƙura a kan kanta. Ga inda nake so mu tsaya mu duba da kyau. Yarinyar da ta zo hannun Pat, kafin ta taɓa ƙwallo sai an karanta mata ƙa'idodin aji. Na farko, dole ta zauna cikin layi 3 na gaba a kowane aji, inda malami zai gan ta, ya san fuskarta, ya kuma lura ran da ba ta zo ba. Na biyu, wadda ta yi fashin aji ba tare da dalili ba, ba za ta yi wasa na gaba ba, komai gwanintarta. Mu da muka yi horon malanta mun san hikimar ƙa'ida ta farko. Bayan aji nan ne matattarar barci da hira da cin gyaɗa. Yarinyar da ke gaba ba ta da wurin ɓuya, tilas ta saurara, tilas ta amsa tambaya. Ƙa'ida ta biyu kuwa, ta ɗaure abin da yarinya ke so da abin da zai amfane ta. Mai son a yi mata tafi ran Lahadi, sai ta tashi da wuri ran Litinin.

Kafa ƙa'ida abu ne mai sauƙi, kowa na iyawa. Wuyar ita ce a tsaya a kanta ran da za ta ja wa mai kafa ta hasara. A farkon 2008 ƙungiyar ta je wasa birnin Chicago, kusa da garin su Candace Parker, wadda a lokacin babu kamarta cikin 'yan wasan jami'o'in Amurka duka. Dangi da abokai sun cika wurin don su gan ta. Amma da yake ta wuce lokacin da aka yanka na komawa ɗaki da dare, Pat ta zaunar da ita a benci rabin wasa cur. Sauran yara suka gani, suka tabbata ba a yi wa kowa doka dabam. Ku tuna, 'yan'uwa, a gida ma haka abin yake. Ran da kika hukunta ɗan kishiya a kan laifin da kika yafe wa naki, ran nan dokarki ta mutu.

Ba kowace yarinya ta iya jimrewa ba. Akwai waɗanda suka ga tsananin ya yi musu yawa, suka koma waɗansu makarantu. An san Pat da wata irin harara, in ta kafa wa yarinya ido daga bakin fili sai jikinta ya yi sanyi. A 2009 aka fitar da su tun zagayen farko na gasar ƙasa, abin da bai taɓa faruwa gare ta ba, da suka koma gida ba ta sallame su hutu ba, ta mai da su fili suka ci gaba da horo. Amma waɗanda suka zauna har ƙarshe, kowace ta fita da digirinta a hannu. Cikinsu har da Nicky Anosike, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta ci kofi 2 tare da ƙungiyar, kuma a 2008 aka zaɓe ta macen da ta fi kowa cikin ɗaliban jami'o'i masu wasa, saboda haɗa karatu da wasa da hidimar jama'a.

Kada wata ta karanta wannan ta ce ashe tsawa ce magani, ta tashi ta hau yara da faɗa. Matar nan da ke harararsu a fili, ita ce kuma ke gayyatarsu gidanta ta dafa musu abinci da hannunta, ta zauna ta ji damuwarsu. Ta san ɗacin tsanani marar lallashi, gama ita kanta ta faɗa cewa sai da ta shekara 43, ran da ta ci kofin 1996, mahaifinta ya fara rungumar ta. Yara sukan jimre wa tsananin wanda suka tabbata yana sonsu. In babu wannan tabbaci, tsanani ya zama zalunci, kuma zalunci ba ya raino.

An taɓa neman ta ta koma koyar da ƙungiyar maza ta jami'ar, wai a ƙara mata girma. Sai ta tambaya, don me ake ganin koyar da maza ya fi koyar da mata daraja? Ta ƙi, ta zauna da 'yan matanta. Amfanin wannan zama ya bayyana daga baya. Malamar da ke tashi kowace shekara biyu ba ta ganin 'ya'yan itacen da ta dasa. Ita kuwa ta ga yaran da ta koyar sun girma, da yawa cikinsu sun zama masu koyarwa a waɗansu jami'o'i, kamar Kellie Harper.

Na san matan aure za su tambaya, ina labarin gidanta? Ta yi aure a 1980. Ta yi ta fama da ɓari kafin Allah ya ba ta ɗa guda, Tyler, a 1990. Haihuwarsa ma labari ce. Tana da tsohon ciki ta hau jirgin sama zuwa jihar Pennsylvania don ta ga iyayen wata yarinya da take so ta kawo makarantarsu. Tana cikin ɗakinsu naƙuda ta taso. Ta koma jirgi, ta hana matuƙa su sauka a hanya, sai da aka kawo ta Knoxville ta haihu. Wannan kam, 'yan'uwa, kada wadda ta gwada. In wata ya kama, a zauna kusa da asibiti ko ungozoma. Aurenta kuma bai kai ƙarshe ba, sun rabu da mijin bayan shekara 27. Duniya ba ta cika wa kowa, kuma aikin da ya ci dare da rana yakan karɓi ladansa daga wani wuri. Wannan ma abin lura ne ga mai shirin haɗa aiki da aure.

A 2011 sai ta ga tana mance abubuwa, har tsarin wasan da ta sani kamar tafin hannunta yakan ɓace mata. Likitoci suka auna ta, suka ce ciwon mantuwa ne da ake kira Alzaima, mai cin ƙwaƙwalwa a hankali, wanda ya kama ta tun ba ta tsufa ba. Mutane da yawa sukan ɓoye irin wannan ciwo don kunya. Ita sai ta tara 'yan wasanta ta gaya musu, ta kuma sanar wa duniya cikin watan Agusta. Ta ƙara shekara guda a bakin aiki, mataimakanta suna tallafa mata, ƙungiyar ta ci wasa 27, aka ci ta 9. Cikin Afrilu 2012, a gaban 'yan jarida, ta ɗauki usur ɗinta ta miƙa wa Holly Warlick, wadda ta yi wasa a hannunta tana yarinya, sa'an nan ta shekara 27 tana mataimakiyarta. Ba a yi neman magaji ba, ta riga ta rene shi. A shekarar nan Shugaba Barack Obama ya ba ta lambar girma mafi daraja da ake ba farar hula a Amurka. Ta kafa asusun taimakon binciken ciwon nan, kuma ta rasu ran 28 ga Yuni, 2016, tana da shekara 64.

To, 'yan'uwana, ga abin da nake roƙo. Ku iyaye mata, yarinyar da kuka sa makaranta ku bar ta ta gama. Sau nawa muke ganin yarinya mai ƙwazo an cire ta saura shekara guda ta karɓi takardar shaida, wahalar shekaru ta tafi a banza? Rijiyar da aka haƙa aka bari saura kamu guda a kai ruwa, rami ce kurum. In an zo da maganar aure, ku yi wa maigida magana cikin ladabi, a nemi masu nema su ɗan jira. Kada kuma ku ji tsoron wasannin motsa jiki na makaranta, muddin ana yinsu cikin sutura da kamun kai, a hannun malamai mata. Suna ƙara lafiya, suna koya wa yarinya haɗa kai da 'yan'uwanta, da yadda ake faɗuwa a tashi ba tare da kuka ba.

Ku kuma 'yan makaranta, ba sai kuna da ɗakin wasa mai ɗaukar mutum 24,000 ba kafin ku bi ƙa'idodin nan biyu. Gobe da safe ku riga kowa zuwa aji, ku zauna a gaba. Kada ku yi fashi sai da ciwo ko wata lalura ta gaske. Wadda ta faɗi jarrabawa bana, ta tuna da matar da ta jira shekara 13.

'Yan'uwana malamai mata, musamman waɗanda aka tura ƙauye suna ƙirga kwanakin da za a mai da su birni, ku ɗan dakata. Ku zauna har ku ga ajin da kuka karɓa ya fita, ku kuma ja wata a jiki ku koya mata aikin, domin ran da kuka tashi wurin kada ya zama kango.

Wadda ke da tambaya ko shawara a kan karatun 'ya'ya mata ta rubuto ta hannun Edita, za mu amsa a wannan fili. Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.